Wa Ya Yi Kisan? Tarihin Ɗan Sandan Ciki a Akwatin Talbijin, Daga Kakuri Zuwa Barnawa

A watan Maris na 1962 gidan talbijin na Kaduna ya fara aiki. Ibadan ta riga ta buɗe nata a 1959, Inugu ta biyo baya a 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello kuwa ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, wato BCNN, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila, EMI da Granada. Wannan Granada ɗin ce, shekara 22 bayan haka, ta fito da jerin wasannin Sherlock Holmes da har yau ake ganin babu kamarsu. Ke nan tun daga tushe talbijin ɗin Kaduna ta haɗa dangantaka da gidan da ya ƙware wajen mayar da littafin binciken kisa wasan kallo. Sai dai an shafe shekaru masu yawa muna kallon ɗan sandan cikin wasu ƙasashe, namu bai samu gurbin zama a akwatin ba. Yadda hakan ta faru tarihi ne da ya taɓa masaƙu, da littattafai, da mulkin soja, da kuma jinin da aka zubar a garin nan.

Masu kallo a tsallaken kogi

Ofisoshin gwamnati da gidajen manya suna arewacin kogin Kaduna, amma a wancan zamani ƙarfin garin a kudu yake. Nan babbar tashar jirgin ƙasa take, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Legas zuwa Kano. A Kakuri masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sannan Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. An kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya buɗe a 1975. Waɗannan ma'aikatu suka janyo mutane daga ko'ina. Gbagyi masu ƙasa suka wayi gari da maƙwabta Bajju da Atyap da Ham, da Tibi da Idoma da Igala, da Nufawa da Yarbawa da Ibo, da Hausawan Zazzau da Katsina da Kano. Makera, Kakuri, Nasarawa, Tirkaniya, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, har da unguwar da ake kira Television, duk suka cika da 'yan haya, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a bakin famfo da kasuwa.

Ma'aikacin masaƙa yana da abin da manomi ba shi da shi: albashin ƙarshen wata. Da shi ake sayen keke, sai rediyo, in hali ya yi sai talbijin. Duk wanda ya tashi a gidan haya na wancan zamani ya san yadda abin yake. Akwatin mai hoto baƙi da fari ne, a cikin gidan katako mai ƙyaure biyu, an lulluɓe shi da ƙyallen saƙa. Tasha ba ta buɗewa sai da la'asar sakaliya, tana rufewa da taken ƙasa cikin dare. Mai gida da baƙinsa a kan kujera, yaran maƙwabta a tabarma, waɗanda ba su samu shiga ba suna leƙe ta taga. A kowane irin wannan zama akwai ɗan makaranta guda da aka ɗora wa aikin tafinta, shi ke gaya wa jama'a abin da Bature ya ce.

Sayen tsohon shiri daga Amurka ko Turai ya fi araha nesa ba kusa ba a kan shirya sabo, don haka gidajen talbijin na Najeriya, kafin haɗe su a ƙarƙashin NTA a 1977 da bayan haka, suka cika darensu da wasannin waje. A cikinsu na 'yan sanda suka fi shiga rai: Hawaii Five-O, da Kojak mai sanƙo da alawar tsinke a baki, daga baya lauya Matlock da Derrick na Jamus. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasan barkwanci na Turawa sai wanda ya iya harshen yake dariya, amma gawa a ƙasa ba ta buƙatar tafinta. Tambaya ɗaya ce kowa ya riƙe: wa ya yi? Kafin a kai rabin wasa ɗaki ya rabu biyu, wasu sun kama matar mamaci, wasu sun kama abokin kasuwancinsa. In NEPA ta ɗauke wuta kafin a tona asiri, gardamar kan bi ma'aikata har cikin masaƙa washegari.

Inda salon ya samo asali

Irin wannan labari yana da tsari da ƙa'ida, kuma daga littafi ya fito. Edgar Allan Poe na Amurka ya aza harsashinsa a 1841. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, mutumin da ke duba takalmi da tokar sigari ya gaya maka inda ka fito. Agatha Christie ta kawo Hercule Poirot a 1920, ta kuma daidaita tsarin da aka gada: wuri a killace, mutane kaɗan, kowa da abin da yake ɓoyewa, sai a ƙarshe mai bincike ya tara su ɗaki guda ya warware zare da abawa. Babbar ƙa'idar ita ce adalci ga mai karatu. Duk alamar da mai bincike ya gani, dole kai ma an nuna maka ita. In ya riga ka ganewa, hankali ya fi ka sa wa, ba duba ya yi ba.

Da talbijin ta karɓi salon sai ta ƙara masa ado. Granada ta gina titin Baker a harabarta da ke Manchester, ta ɗauki Jeremy Brett ya zama Holmes daga 1984 zuwa 1994, kashi 41, da keken doki da fitilun titi na zamanin Sarauniya Victoria. David Suchet ya riƙe Poirot daga 1989 har 2013, kashi 70, aka kafa yawancin labaran a shekarun 1930 da gine-ginensu da tufafinsu. Inspector Morse, daga littattafan Colin Dexter, ya zo a 1987 da jar motarsa Jaguar da kwalejojin Oxford. Jamusawa sun yi Derrick kashi 281 tsakanin 1974 da 1998, mutum mai sanyin murya da ba ya gaggawar zare bindiga. Columbo na Amurka kuwa ya juya tsarin ne gaba ɗaya: tun farko ana nuna maka mai kisan, yawanci attajiri mai ji da kai, daɗin kallon shi ne ganin yadda ɗan sanda mai yamutsattsiyar riga zai rutsa shi da ƙananan tambayoyi. Motar da Columbo yake ja tsohuwar Peugeot 403 ce, yayar 504 da 'yan Kakuri suka riƙa harhaɗawa da hannunsu.

Adon nan ba na banza ba ne. Kyan gida da tsabtar sutura suna gaya wa mai kallo cewa mugunta ba ta san talaka kaɗai ba, tana iya zama a falo mai darduma. Kuma nutsuwar mai bincike tana nuna cewa ana iya kamo gaskiya ba tare da mari ko kulki ba.

Abin da ake karantawa a lokacin

Matasan Kaduna na shekarun 1970 da 1980 ba a akwati kaɗai suka san wannan duniya ba. Mujallar hotuna ta African Film ta kawo Lance Spearman, baƙar fata mai kwat da malafa, daga ƙarshen shekarun 1960. Littattafan James Hadley Chase suna yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya cire. A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters, inda 'yan Afirka ke rubuta labaran laifi da soyayya a garuruwansu. Kalu Okpi ya rubuta The Smugglers, Mohammed Sule na Kano ya rubuta The Undesirable Element, Mohmed Tukur Garba ya rubuta Stop Press: Murder!. Masu karatu suna nan, marubuta 'yan Arewa ma suna nan.

A Hausa ma labarin laifi tsoho ne. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, labari ne na ƙwacen budurwa da ramuwar gayya, inda aka lalata yaro ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. A kansa Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya gina An African Night's Entertainment na 1962. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin ƙauye da birni ya jefa cikin miyagu. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma da makaman da suka watsu a hannun mutane bayan yaƙin basasa.

Amma in aka duba da kyau, akwai bambanci mai girma. A waɗannan littattafai mai karatu ya san mai laifi tun farko. Abin da yake jira shi ne ranar sakayya, domin rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wanda ke warware al'amari ƙaddara ce, ko alhaki, ko hukuncin Ubangiji. Mutumin da zai durƙusa ya duba sawu, ya gwama maganar shaidu biyu, ya gano inda ƙarya ta ɓoye, ba shi ne a tsakiyar labari ba.

Wannan kuwa ba don hikimar bincike baƙuwa ce a wurinmu ba. Duk ɗan makarantar allo ya san yadda aka wanke Annabi Yusuf, alaihis salam, ta hanyar duba ko ta gaba rigarsa ta yage ko ta baya. Musulmi da Kirista duka sun san hukuncin Annabi Sulaiman tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri. A karkara akwai masu bin sawu waɗanda ke raka ɓarawon shanu har ƙofar gidansa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam cike take da sarakuna da alƙalai masu kama maƙaryaci da dabara. Kayan aikin suna nan jibge, ba a dai haɗa su aka yi ɗan sandan ciki na Hausa ba.

Abin da Kaduna ta zaɓa ta nuna

Gidan talbijin na Kaduna ya yi wasannin da ba za a manta da su ba. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi Samanja Mazan Fama da Hausar bariki gauraye da Turancin buroka, irin maganar da ake ji a Kakuri da Sabon Tasha kullum. Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a Magana Jari Ce lokacin da aka mayar da littafin wasan talbijin a shekarun 1980, abin da ya tabbatar da cewa ana iya ɗaukar littafi a kai shi akwati a yi nasara. A Kano an yi Kuliya Manta Sabo, inda ake kawo ƙara gaban alƙali. Wato dai mun sa soja, mun sa sarki, mun sa alƙali, amma kujerar mai bincike ta zauna babu kowa.

Dalilan suna da yawa. Na farko kuɗi: wasan barkwanci ɗaki ɗaya ya ishe shi, amma na bincike yana son fita waje, da ɗaukar dare, da motoci, da marubucin da zai zauna ya ƙulla alamu yadda ba za su ci karo da juna ba. Na biyu mulki: talbijin ta gwamnati ce, gwamnatin kuma mafi yawan lokaci ta soja, ga shi labarin kisa mai kyau yakan kai mai bincike ƙofar babban mutum. Na uku yarda. A 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a Legas, ba a hukunta kowa ba. A shekarar ce Lawrence Anini ya addabi Benin, da aka kama shi kuma sai ga babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, a cikin masu taimaka masa, aka harbe su a 1987. Jama'ar da ke ganin haka a labaran ƙarfe tara, da wuya ka sayar musu da sufeto mai gaskiya a wasan ƙarfe goma. Na huɗu al'ada: muna gaggauta suturta mamaci, iyalai da yawa ba sa son a taɓa gawa, kuma kalmar da ake rufe zance da ita a gidan makoki ita ce mun bar wa Allah. Magana ce ta imani da haƙuri, sai dai sau da yawa hukuma kan fake da ita ta rufe fayil.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka taso daga Kano a 1990, sun ɗauki littattafai, amma na soyayya da zaman gida: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Kaduna ta samu DITV, tauraron ɗan Adam ya kawo wasan 'yan sanda na CID na Indiya har cikin ɗakunanmu. Daga baya Adam A. Zango ya yi Basaja, labarin ɗan damfara da jami'an tsaro ke farauta, jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma a nan ma wayon mai laifi ake tafa wa, ba haƙurin mai bincike ba.

Lokacin da kogi ya zama iyaka

A watannin Fabrairu da Mayu na 2000 rikicin da ya biyo bayan muhawarar shari'a ya ci Kaduna. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu. A Nuwamban 2002 aka sake yi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka rasa kimanin 250. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna kallo a tabarma guda suka kwashe kayansu, Musulmi da yawa suka haura arewa, Kirista da yawa suka gangaro kudu. A tsakanin nan KTL ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Gidan hayar da ya haɗa Bajju da Bakatsine a gaban akwati ɗaya ya zama labari.

A nan ne wannan salo ya daina zama abin nishaɗi kawai a wurina. Kowane ɗaya daga cikin waɗancan mamata, hannun wani ne ya kashe shi, wani mai suna da unguwa. Da yake ba a bi diddigi an fito da sunayen ba, sai laifin ya koma kan jama'a sukutum: su ne suka kashe mu. Darasin da labarin bincike yake maimaitawa kowane mako kishiyar wannan ne. Yana cewa wanda aka fara zargi sau da yawa ba shi ba ne, baƙo ba ya zama mai laifi don baƙuntarsa, kuma ba a kama mutum sai da hujja.

Fim ɗin da ya fi fito da wannan a Najeriya shi ne October 1 na Kunle Afolayan, wanda Tunde Babalola ya rubuta, ya fito a 2014. An kafa shi a watan Satumba na 1960. Turawan mulki suka tura Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa, zuwa wani garin Yarbawa mai suna Akote, ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar 'yancin kai. Marigayi Sadiq Daba, wanda aka sani da Bitrus a wasan talbijin na Cock Crow at Dawn, shi ya hau matsayin, ya kuma ci kyautar gwarzon jarumi ta AMAA a 2015. A cikin labarin an kama wani Bahaushe matafiyi bisa kuskure, mahaifin wata yarinya da aka kashe ya halaka shi don ramuwa, alhali mai kisan ɗan sarkin garin ne da ya dawo daga karatu. Da gaskiya ta fito kuma, hukuma ta nemi a binne ta. Duk mutumin Kaduna da ya kalli wannan fim ya san ba Akote kaɗai ake nufi ba.

Tambayar ba ta tsufa ba. A daren 1 ga Agusta wayewar 2 ga wata, 2019, wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, malamin jami'a da aka fi sani da Dadiyata, a ƙofar gidansa da ke Barnawa, suka tafi da shi a motarsa. Shekaru suka shuɗe iyalinsa na jiran amsa. Haka almajiran Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007. Wasan talbijin ba zai warware ko ɗaya daga cikinsu ba, amma yana iya raya ɗabi'ar tambaya a zukatan jama'a, har su san abin da ya kamata su nema daga hukuma: a killace wuri, a ɗauki zanen yatsa, a rubuta maganar shaidu, a kai ƙara kotu.

Inda aka kwana

Yau abubuwan da suka hana a da sun ragu. Arewa24 ta buɗe a 2014, ta nuna da Kwana Casa'in da Labarina cewa masu kallon Hausa za su bi dogon labari mako bayan mako, har da mai taɓa siyasa da cin hanci. YouTube ta cire wa mai shiri dole sai ya bi ta gidan gwamnati. A kudancin ƙasar an yi Blood Sisters da Crime and Justice Lagos a 2022, marubuta irin su Leye Adenle da Femi Kayode suna fitar da littattafan bincike da duniya ke karantawa, Legas kuma ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta don binciken laifi a 2017.

Abin da ya rage shi ne marubucin Hausa ya zauna ya yi aikin. Ba ya buƙatar aron Oxford ko Landan. Kakurin 1978 ta ishe shi: jiniyar canjin aiki, ma'aikata a kan kekuna, 504 sabuwa fil, jirgin dare daga Fatakwal, gidan haya mai ɗaki goma da harsuna shida, da gawa guda a bayan masaƙa. Mai bincikensa zai iya zama sufeto, ko 'yar jarida, ko ma'aikaciyar jinya, ko tsohon mai bin sawu, muddin zai tsallaka gada ya yi tambaya a Tudun Wada da Sabon Tasha da ladabi iri ɗaya. Gine-ginen masaƙun suna tsaye, tsofaffin ma'aikatan da za su ba da labarin zamanin suna raye, littattafai irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa da Turmin Danya sun shekara fiye da arba'in suna jiran mai ɗauka. Garin da ya binne mutane da yawa ba tare da an faɗi sunan wanda ya kashe su ba ya cancanci ya ga, ko da sau ɗaya a mako, yadda ake bin gaskiya da haƙuri har a kama mutum ɗaya da laifinsa, a kuma wanke sauran jama'a.